Wata uku a barandar Baba mai koyar da busa a Bukuru, ga yadda na gan shi

'Yan busa da yawa a Jos sun tare ni suna tambaya wai kuɗin da na kai wa tsohon nan na Bukuru kwalliya ta biya kuɗin sabulu ko kuwa asara na tafka, toh bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji in huta da maimaici. Ba zan kama sunansa ba don bai ce in masa talla ba, mu dai Baba muke ce masa. Tsohon ɗan badujala ne da ya yi ritaya, ya ce sama da shekara talatin ya yi yana busa a fareti, kuma in ka kalli leɓensa na sama ba za ka yi musu ba, akwai wani ɗan zagaye fari-fari da ƙarfe ya zana masa a wurin.

Ni shekarata tara da tirampet. Da begila na fara a birget na cocinmu, ƙungiyar nan ta yara masu fareti, kaman yawancinmu, daga baya aka miƙa min tirampet don wanda yake riƙe da ita ya tafi makaranta, ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga yadda ake ɗora baki, kawai hura har sauti ya fito, in bai fito ba ƙara dannawa. Matsalata kuma duk wanda muka taɓa busa tare ya santa. Minti ashirin na farko ni ne sarki, ko daga bakin titi kana jina, amma da an wuce nan sai G na saman layi, wato sautin nan na sama da ake rubutawa a saman layuka biyar na takardar waƙa, ya fara tsere min, in hura sai iska kawai fuuu, in ƙara danna ƙarfen a baki ya ɗan dawo na minti biyar ya sake gudu. Abin da muke cewa leɓe ya mutu kenan.

Abin da ya kai ni Bukuru wata jana'iza ce a Disamban bara. Mu uku ya kamata mu busa tirampet, ɗaya bai zo ba, ɗayan kuma yaro ne sabon shiga, ga hunturu ya buɗe sosai, aka ce mu raka gawa da ƙafa daga coci har maƙabarta. Kafin mu yi rabin hanya na ji wani zafi tsit a tsakiyar leɓe, da na cire bakin busa, ɗan kofin ƙarfen nan da ake ɗorawa a leɓe, na duba sai ga jini a ciki. Haka na ƙarasa ina yaudarar mutane, yatsu na motsi a kan bawul, maɓallai ukun nan da ake dannawa, amma ba abin da ke fita, masu ganga ne suka rufa min asiri. Mai tirambon namu ne ya ja ni gefe ya ce, kai in ba so kake ka daina busa kafin ka yi aure ba ka je ka ga Baba.

Tsarin nasa ba wani abu mai yawa ba ne. Sau biyu a sati, ni Talata da Juma'a da yamma nake zuwa, awa ɗaya a bakinsa, dubu goma sha biyar a wata, ban da kuɗin mota daga Taminus zuwa Bukuru da dawowa wanda shi ma in ka tara ba wasa ba ne. Ba aji ba ne ba situdiyo ba, baranda ce a bayan gida, benci biyu, tebur ɗaya mai gurguwar ƙafa, kaji na kiwo a gefe, jikokinsa na leƙe ta taga suna dariya in ka yi kuskure. Wanda ke neman wurin gayu ya san da wannan tun yanzu.

Ranar farko ya ce in busa masa duk waƙar coci da na fi iyawa. Na zage na busa da ƙarfi don in burge shi. Bai ce komai ba, sai ya ce in cire ɗan ƙaramin yatsana daga ƙugiyar nan ta saman tirampet, in buɗe tafin hannun hagu in ɗora tirampet ɗin a kai kawai ba riƙewa, in sake busawa. Wallahi ko C na tsakiya da ƙyar ya fito, da na nemi hawa sama sai tirampet ta zame gaba tana neman faɗuwa. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai ba busa kake yi ba, dambe kake da ƙarfe, shi kuwa ƙarfe ba ya gajiya." Daga nan ya kama hannuna na hagu ya matsa dantsen ya ce duk ƙarfin da nake taƙama da shi a nan yake, ba a baki ba.

Bayanin da ya min a ranar shi kaɗai ya kai kuɗin wata guda a wurina. Ya ce tirampet ba ta da murya, bututu ne kawai mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi da aka nannaɗe, muryar daga rawar leɓe take fitowa, iska ta wuce leɓe ya kaɗa. Toh leɓen nan tsakanin haƙori da ƙarfe yake, in ka danna shi jini ba ya zagayawa yadda ya kamata, sai ya kumbura, kumburarren leɓe kuma ba ya kaɗawa, sai kai kuma ka ƙara dannawa don ka tilasta shi, ka ga an shiga zagayen da ba fita. Aikin riƙewa na naman gefen baki ne, kusurwa biyun nan na dama da hagu, su ne za su tsaya daram su bar tsakiya sake tana rawa. Daga baya na bincika na ga naman da ya kewaye baki likitoci na ce masa obikularis oris, siririn nama ne, ba irin na cinya ko dantse ba da za ka yi ta loda masa kaya, kuma yana iya yagewa. Baba bai san wannan sunan ba amma ya san abin da hannu.

Sai kuma ya ce in tafi gida kar in taɓa tirampet sai tsagar ta warke tas. Na ce, "Baba, ai na riga na biya ku kuɗin wata." Ya ce eh, kuɗin hutun ne na biya. Kwana shida na yi ban busa ba, raina a ɓace, har na fara tunanin an yi min wayo.

Da na dawo aka fara ainihin aikin, kuma gaskiya sati biyun farko gundura kaman ta kashe ni. Dogon sauti, a hankali can ƙasa-ƙasa kaman kana tsoron tada jariri daga barci. G ɗaya tak, ka riƙe shi ƙirga takwas ko goma sha biyu ba rawa ba karkarwa, ka sauke tirampet daga baki gaba ɗaya, shi ya busa nasa kai kana hutawa, sannan ka ɗauki na gaba. Dokarsa da ba ya sassautawa ita ce gwargwadon busarka gwargwadon hutunka, ka busa na minti ɗaya ka huta na minti ɗaya, kuma hutu a wurinsa ba wai ka yi shiru ƙarfe na kan baki ba ne, a'a, sauke shi kan cinya jini ya dawo. Ni da na saba in ɗauka in yi ta hurawa awa guda ba tsayawa har sai baki ya yi jawur ina ganin wai shi ne firaktis, sai na ga ashe rabin lokacin gajiya kawai nake koya wa bakina. Abin mamaki busa a hankali ya fi busa da ƙarfi wuya nesa ba kusa ba, don ba inda za ka ɓuya, in ramin da ke tsakanin leɓɓanka ya yi faɗi sautin yankewa zai yi, dole ka tattaro gefen baki. A nan na fara jin wani zugi a kusurwar baki wanda ban taɓa ji ba a shekara tara, na faɗa masa, ya ce madalla, gajiyar gefe ita muke nema, in tsakiya ce ke zafi toh ka koma dambe.

Bayan dogon sauti sai abin da yake kira zamiya, wato ka tashi daga C zuwa G zuwa C na gaba ka dawo ba tare da ka canza bawul ko ka sa harshe ba, iska da leɓe kawai, da ɗan ɗaga bayan harshe kaman kana cewa aa sannan ii. Ka yi shi ba bawul, sai bawul na 2, sai na 1, sai 1 da 2, sai 2 da 3, sai 1 da 3, sai duka ukun, kana sauka rabin mataki kowane karo. Da na fara jan tirampet baya don in kamo na sama sai in ji ya ɗan buge min gwiwar hannu da sandarsa. Ba duka ba ne na zafi amma yana da ban haushi.

Akwai kuma wani da ya ce daga wurin wani malamin busa na birnin Niyok ya samo asali, Carmine Caruso, na duba kuma haka ne. Sauti shida ne kawai, G, G shaf, A, A shaf, B, C, a cikin layi, shaf kuwa rabin mataki ne sama. Kana buga ƙafa a ƙasa kana ƙirga, kuma tun daga na farko har na ƙarshe ba ka cire ƙarfen daga baki ba ka sake damƙar leɓe, numfashi ta hanci kake ja. Bai fi minti biyu zuwa uku ba amma in ka gama sai ka ji kaman ka tauna ganda. Wannan sau ɗaya a rana ya yarda in yi, kuma ba ranar da nake da busa a waje ba. Haka ma wasan fensir, ka riƙe gindin fensir da leɓe kaɗai ban da haƙori ya miƙe gaba na 'yan daƙiƙu. Nan kam ni na cuci kaina, na ga abu mai sauƙi na yi ta yi ina kallon ƙwallo har kusan minti goma, washegari bakina ya sandare kaman katako ko sautin kirki na kasa fitarwa a rihasal. Da na faɗa masa ya ce ai magani ma in ka shanye kwalba guda guba ne.

A gida ya ce in raba firaktis uku, minti ashirin da safe, ashirin da rana in da hali, ashirin da yamma, maimakon awa guda a dunƙule. Ranar da na yi aiki mai nauyi washegari sauƙaƙa, dogon sauti da ƙananan sauti kawai. Kuma in tsaya tun kafin leɓe ya mutu, a cewarsa a tashi daga kan tuwo da sauran marmari. Wannan shi ya fi min wuya don daidai lokacin da abu ya fara daɗi a lokacin ne agogo ke cewa sauke.

Na je masa da maganar bakin busa, wanda muke ce wa mautpis, don ina da yaƙinin nawa ne matsalar, 7C ne irin wanda ke zuwa cikin akwatin yawancin tirampet, kuma wani abokina ya ce in sayi mara zurfi in ga yadda sama za ta buɗe min. Baba ya karɓa ya shafa gefensa da yatsa ya ga ba kaushi ba tsaga, azurfar ba ta goge ba, ya miƙo min ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya min bayanin lambobin Bach, kamfanin da ke ƙera bakin busa, ƙaramar lamba faɗi ya fi yawa, harafin kuma zurfin kofin ne, C matsakaici. Tsakanin 7C da 3C da mutane ke ta rigima a kai, a takardar kamfanin 16.20 ne da 16.30 na milimita, ka ji fa ɗan bambancin da nake shirin zubar da kuɗi a kai. Bai ce bakin busa ba ya da tasiri ba, cewa ya yi in gyara baki tukuna, in bayan wata shida har yanzu gefen na cizo na sai mu zauna mu gwada wasu. Na yaba masa a nan don yana da guda huɗu ko biyar a gwangwani da zai iya sayar min bai yi ba.

Inda ya fi duk wani bidiyon YouTube da na kalla shi ne maganar sanyin garin nan, don Baturen da ke koyarwa a ɗaki mai ɗumi bai san hunturun Jos ba. Muna saman tudu kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu iska busasshiya ga sanyin asuba, leɓe na tsagewa ko ba ka busa komai. Ya hana ni lasar leɓe, miyau na bushewa ya ƙara tsaga shi. Man kaɗanya da dare kafin barci, amma kar a shafa dab da busa don ƙarfe zai yi ta santsi kai kuma ka danna don ka tsayar da shi. Ruwa da yawa tun kafin ƙishi. Bakin busa ya zauna a aljihun wando har sai za a fara, kar ka ɗora ƙarfe mai sanyin ƙanƙara a leɓe. Sai wani abu da ban taɓa lura ba, tirampet in ta yi sanyi sautinta sauka yake yi, toh kai ba ka sani ba sai ka yi ta matse leɓe don ka daidaita da kibod, minti goma ka gaji a banza, alhali hura mata iska mai ɗumi za ka yi ka ɗan tura bututun tunin, wanda ake daidaita sauti da shi, ciki, in ta ɗumama ka jawo shi. Shayi mai tururi na mai shayi da suya mai yaji kafin busa su ma ya soke, na shayin na bi, na suyan kam Allah Ya yafe min.

Baba akwai labari, wannan alheri ne kuma shi ne babban aibinsa. In ya fara zancen zamanin hailaif, su Victor Olaiya da Rex Lawson da yadda ake kwana ana busa a otal, ko ya tuna maka cewa Fela ma da tirampet ya fara kafin ya koma saks, sai ka duba agogo ka ga minti ashirin cikin awarka sun tafi. Wasu labaran dai suna da amfani. Shi ya fara ba ni labarin Louis Armstrong, wanda ya zo Najeriya a 1960, yadda dannawa da neman sama kowane dare suka yayyaga masa leɓe tun a shekarun 1930 har sai da ya ajiye busa na watanni. Ni kuma na ƙara masa da na Freddie Hubbard wanda leɓensa ya tsage a 1992 ya ci gaba da busa a haka har ciwon ya ruɓe, kuma bai sake komawa yadda yake da ba. Da na tuna jinin da na gani a jana'izar nan na ci gaba da cusa ƙarfe a kai sai jikina ya yi sanyi. Amma labarin yadda aka yi musu rowar alawus a wani fareti kafin a haife ni, na ji shi ya kai sau biyar kuma da kuɗina.

Sauran ƙorafina ba su da yawa amma na gaske ne. Sau biyu na biya mota har Bukuru na tarar ba ya nan ya tafi tantance 'yan fansho, ko kira babu, ya dai rama min daga baya. Ba ya rubuta maka komai, in ba ka zo da littafinka ba ka manta ka manta kenan. Yana raina solfa, mu kuwa yawancin 'yan coci da do re mi muka tashi, in ka ce masa so sai ya ce shi bai san so ba G ya sani, har da taɓe baki, wani yaro da muka fara tare saboda wannan ya daina zuwa. Harshensa na da kaifi, in zuciyarka a kusa take za ku ɓata. Wanda ya fi damuna shi ne yadda yake karɓar tirampet ɗin ɗalibi ya busa ya nuna misali ya goge da gefen riga ya mayar, daga wannan baki zuwa wancan, alhali ƙurajen leɓe ta haka ake ɗauka. Na ce masa cikin ladabi, "Baba, don Allah ku riƙa sa naku bakin busar in za ku gwada tawa." Ya harare ni ya ce yaran zamani, amma tun daga ranar yana sa nasan.

Toh me na samu? Ranar Ista ce gwajin. Mun fara da macin asuba, muka shiga sujada, da yamma kuma ga bikin aure a Tudun Wada. Ban ce ban gaji ba, gefen bakina ya yi zugi sosai, amma tsakiya ba ta kumbura ba kuma har waƙar ƙarshe G ɗina na nan inda na bar shi. Rabin nasarar ma dabara ce ba ƙarfi ba, abubuwan da ya yi ta nanata min, duk inda aka sami hutu ko na ƙirga huɗu ne sauke ƙarfe daga baki, waƙa mai baiti biyar ba dole ka busa duka a sama ba, ka sauko ƙasa a na biyu da na huɗu ko ka bar wa na biyunka ku riƙa karɓa-karɓa, kar ka yi gasar ƙara da masu ganga don ba za ka taɓa cin su ba. In an tashi kuma ka yi 'yan ƙananan sauti a hankali na minti biyu, ka kaɗa leɓe burrr irin na doki kafin ka rufe akwati. Mama ma da ba ruwanta da busa ta ce yanzu firaktis ɗina ya daina sa mata ciwon kai.

Sama kam ban ƙaru da yawa ba, in faɗi gaskiya. A na saman layi ya zauna, B na zuwa ranar da ya ga dama, C na sama har yanzu sai an yi sa'a. Don haka wanda ke son a ba shi sirrin ƙururuwa cikin sati biyu don ya burge 'yan mata a wurin biki kar ya ɓata kuɗin motarsa, Baba zai sa shi busa G a hankali har ya yi fushi ya tafi. Amma mai irin ciwona, wanda leɓensa ke mutuwa a tsakiyar hidima, ko mai ganin zoben ja ya daɗe a baki bayan busa, ko wanda haƙoransa na gaba suka fara yi masa tsami, ni dai na ce ya je. A goma zan ba shi takwas, ɗaya na cire na labari, ɗaya na ranakun da ya shanya ni.

Yana karɓar masu konet da tirambon da yufoniyom ma, ya ce masu tirambon da yufoniyom nasu bakin busar da faɗi don haka ba su cika yanka leɓe kaman mu ba, iska ce ke fara ƙare musu, akwai wani atisayen numfashi daban da yake sa su. Ƙanena mai tirambon zai fara wata mai zuwa, na riga na faɗa masa ya tafi da littafi da biro da rigar sanyi don barandar nan da ƙarfe biyar ta yi sai ka ji iska har ƙashi, kuma ya kira kafin ya hau mota.